Gobarar Kasuwa: Waiwaye Kan Yadda Muka Faro

A ƙasar Hausa babu wurin aikin da ya tara jama'a kamar kasuwa, kuma babu masifar da ta fi yi mata ɓarna kamar gobara. Kakanninmu sun san haka sarai. A zamanin da rumfuna na kara da ciyawa ne, da zarar an yi kururuwa kowa ya san aikinsa: mata su fito da tuluna, samari su haye su yaye jinkar rumfunan da ke maƙwabtaka don wuta ta rasa abin ci. Asara takan tsaya ga 'yan rumfuna, kafin kasuwa ta sake ci an ɗaura wasu.

Da boko ya zo sai aka mayar da lamarin na hukuma. An yi dokar hukumar kashe gobara ta tarayya a 1963, dokar masana'antu a 1987, sannan aka kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, a 1999. Waɗanda suka yi aiki a tsofaffin ofisoshin En'e za su tuna jajayen bokitai cike da yashi a rataye a baranda. To, amma dokar 1987 ma'aikatu ta dosa. Kasuwa kuwa tsarin mulki ya bar ta a hannun ƙaramar hukuma, wadda sau da yawa ta fi sanin ranar karɓar haraji.

Mu dubi abin da ya biyo baya. A watan Fabrairun 2002 babbar kasuwar Jos, wadda ake alfahari da ita a duk Afirka ta Yamma, ta ƙone; shekara ashirin bayan haka kangonta na nan tsaye. A Maris na 2016 wuta ta tashi da dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta lashe shaguna fiye da 3,000. Babbar kasuwar Sakkwato ta bi sahu a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na wannan shekarar, sai Kasuwar Litinin ta Maiduguri a Fabrairun 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa.

Mai karatu zai lura dukkansu tsakanin Janairu da Maris suka auku, wato daga hunturu zuwa shigowar bazara, lokacin da komai ya bushe ƙamas, iska kuma na kaɗawa. Saboda haka ban yarda a riƙa yi mana karin maganar nan ta gobara daga kogi ba. Baƙon da ya sanar da watan zuwansa ai bai yi shammata ba.

Abin da ya sauya daga zamanin kakanni shi ne kayan da ke cikin rumfa. Yanzu akwai katifu, robobi, atamfa bandir-bandir, da jarkar fetur ta janareto a ƙarƙashin teburi. Ga wayoyin lantarki da aka jona barkatai. Mai shago ya tashi bai kashe komai ba don an ɗauke wuta, a dawo da ita da tsakar dare da ƙarfi. Hanyoyin da aka bari tun farko don mota ta wuce kuwa an yanka su an yi tebura, har da rasit. Motar 'yan kwana-kwana takan iso, ta tsaya a bakin ƙofa, ruwan tankinta ya ƙare, ta juya neman wani a can cikin gari.