Land Rover a Kudancin Kaduna: Tarihin Motar da Makanikai Suka Hana Ta Mutuwa

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa bayan wani tsohon gareji a Kafanchan ko Zonkwa ko Kachia, ba zai yi mamaki ba idan ya ci karo da wata mota mai kusurwa huɗu kamar akwati, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mayar da ita akurki. Ita ce Land Rover, wadda bakin Bahaushe ya mayar da ita Landiroba. Wannan maƙala za ta bi sawun motar daga mahaifarta zuwa Kudancin Kaduna, domin ta nuna cewa rabin tarihinta kawai aka rubuta a Ingila. Ragowar rabin makanikanmu ne suka rubuta shi da sifana da wutar walda, kuma shi ne yake neman salwanta.

Asalin Motar

Kamfanin Rover ya fara nuna wannan mota ga duniya a birnin Amsterdam a watan Afrilu na 1948. Injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, ya ɗauko dabarar ne daga motar Jeep ta sojan Amurka, da nufin samar wa manomi abin da zai shiga gona da shi ya kuma je kasuwa. Da yake ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikin motar da alminiyam, aka bar ƙarfe ga ƙashin bayanta, wato shasi. Wannan larura ta zama alheri, domin alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Samfurin farko ya kai 1958, sannan na biyu ya gaje shi, na uku kuma ya fito a 1971 ya ci gaba har 1985.

Tsakanin Tasha da Ƙauye

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A 1927 ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos. To amma jirgi ba ya barin dogonsa. Daga tasha zuwa ƙauyukan da ke gindin dutsen Kagoro, ko gonakin citta na ƙasar Jaba da Kachia, sai hanyar burji da ta ƙafa. Ga shi kuwa damina a nan ta fi ta Kano da Katsina tsawo da ƙarfi. Rafuka su cika, kwalbatoci su karye, jar ƙasa ta zama taɓo.

A irin wannan wuri ne Landiroba ta nuna bajinta. Ban da giyar da aka sani, tana da wasu sanduna biyu kusa da direba. Idan ya danna mai rawayan kai, ƙafafun nan huɗu su kama aiki tare. Idan ya ja mai jan kai, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru, har ta hau tudun da zai gagari wata mota. Idan batir ya mutu, akwai ƙarfen da ake zurawa ta gaba a murɗa injin da hannu. Wasu ma rufi biyu gare su, iska na ratsawa tsakani don rage zafin rana. Shi ya sa daga shekarun 1950 ta zama motar rangadin jami'an gwamnati da 'yan sanda da malaman gona da ma'aikatan asibitocin mishan. Har sai da aka riƙa harhaɗa ta a cikin gida, musamman a masana'antar Leyland ta Ibadan daga ƙarshen shekarun 1970.

Daga Hannun Hukuma Zuwa Hannun Talaka

Masu iya magana kan ce, tsohon doki sai mai shi. Da hukumomi da mishan suka riƙa yin gwanjon tsofaffin motocinsu, sai suka faɗa hannun direbobi da 'yan kasuwa, suka koma jigilar citta da doya da itace da fasinja a ranakun kasuwa. Abokan gogayya kuwa sun riga sun iso. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, motocinta suka mamaye kwalta, yayin da Toyota Land Cruiser da Hilux suka ƙwace zukatan hukumomi saboda ba su cika neman gyara ba. Sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara na asali suka fi ƙarfin talaka.

A nan ne basirar makaniki ta fito fili. Motar tana da lahaninta sanannu: shasi na ruɓewa daga ciki, sandar da ke juya ƙafar baya takan karye idan lodi ya yi yawa, ga shan mai, ga ɗigar baƙin mai. Amma an yi ta ne da noti da ƙusa, babu abin da ba ya kwancewa. Sai a yanko ƙarfe a yi wa shasi faci, a ƙara wa sifirin ganye don ya ɗauki kaya, a ɗora keji a sama, a kafa benci a baya. Idan injin ya gaji, a dasa na wata mota, a ƙera abin da zai haɗa shi da giya. Abin da ya gagara a gari, a nemo shi a Panteka ta Kaduna, inda ake ƙera abin da babu shi a kanti. Daga ƙarshe motar takan zama jikinta na Ingila, zuciyarta ta Japan ko Faransa, hikimar da ta haɗa su kuwa ta gida.

Gyara Iri Biyu

An daina ƙera Defender ta asali, wadda ta gaji waɗannan samfura, a watan Janairun 2016. A wannan shekara kuma kamfanin ya fara wani shiri na sabunta motoci 25 na samfurin farko don sayar wa masu sha'awa. A Turai da Amurka, burin mai gyara shi ne ya mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, har launin fenti. A wurinsu, duk wani faci aibi ne da za a kankare.

A wurinmu kuwa facin nan shi ne shaida. Ganyen sifirin da aka ƙara yana ba da labarin nauyin buhunan citta. Baƙon injin yana ba da labarin faɗuwar naira. Wanda ya kankare su ya samu kyakkyawar mota, amma ya goge shafin da ya shafe mu.

Kammalawa

Abin takaici shi ne, yawancin waɗannan motoci ba su kai ga ko ɗaya daga cikin gyaran biyu. 'Yan gwangwan ne ke saye su da awo, kuma alminiyam ɗin da ya hana su tsatsa shi ne ya sa suka yi daraja a wurin masu narka shi su zuba tukwane. Tsofaffin makanikai da direbobi da yaran mota su ma suna ƙarewa da abin da suka sani, alhali sababbin motoci sai da kwamfuta ake gano ciwonsu.

Ƙasar da ta ba duniya gumakan Nok ta san darajar abin da aka tono daga ƙasa. Bai kamata mu jira sai wannan ma ya binne ba. Ya dace ɗaliban Hausa da na tarihi su je gareji da alƙalami, su naɗi kalmomin sana'ar da labaran hanyoyin, a kuma adana ko da mota guda a gidan tarihi, da facinta da bencinta da kejinta, yadda ta yi aiki a tsakaninmu.