Ƙarfen da Ya Haifi Takin Zamani

Ya kai mai karatu, ka san farin takin nan da ake saidawa buhu-buhu a kasuwannin Yamai da Maraɗi? Daga iska aka tatso ƙarfinsa. Saurara ka ji tarihinsa.

Iskar da muke shaƙa, kusan kashi 4 cikin 5 nata wani sinadari ne mai suna azot. Shi ke sa hatsi ya yi kore shar. Amma hatsi ba ya iya cinsa daga iska, sai an haɗa shi da wata iska, idrojan. Su biyun kuwa ba su yarda da juna da sauƙi. Sai da ɗan tsakani, kamar mai dalilin aure, wanda zai haɗa su ya koma gida yadda ya zo.

A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya haɗa su cikin zafi da matsi mai tsanani, a kan wani ƙarfe mai suna osmiyom. Ya gwada yuraniyom, irin wanda aka soma haƙa a Arlit a 1971, shi ma ya yi. Sai dai na farko ya yi ƙaranci a duniya, na biyu kuma damshi na ɓata shi.

Sai kamfanin BASF ya sa Alwin Mittasch neman mai araha. Ya yi gwaji dubbai. Wani dutsen ƙarfe na ƙasar Suwidin ya yi aiki sosai, alhali tataccen ƙarfe bai kai shi ba. Ashe ƴar dauɗar da ke cikinsa ce sirrin! Ka ga, ƙarfen nan cike yake da ƙananan ramuka kamar shurin gara, kuma a bangon ramukan ake ɗaura auren. In zafi ya daɗe, sai ramukan su toshe, aiki ya tsaya. Ɗan sinadarin alminiyom, wanda ake ƙera tukunya da shi, shi ke hana su toshewa. Sinadarin da ke cikin toka kuma ya ƙara wa aikin sauri.

A 1913 Carl Bosch ya gama gina masana'anta ta farko a Oppau. Manoma ba su daɗe da morewa ba, kaico. A 1914 yaƙi ya ɓarke, Jamus ta karkata abin wajen yin albarushi.

Har yau da ƙarfe irin na Mittasch mafi yawan masana'antun farin taki ke aiki.