Labaran Sata, Fashi da Shari'a a Jaridun Ingila Zamanin Sarauniya Biktoriya

A tsawon mulkin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, da wuya a buɗe jarida a Ingila ba a tarar da shafin labaran kotu ba. Al'adar ta girmi sarauniyar, domin tun 1674 ake buga bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan ana sayarwa. Abin da ya sauya a zamaninta shi ne yawan masu karatu da arahar jarida. Gwamnati ta soke harajin talla a 1853, harajin hatimin jarida a 1855, sannan harajin takarda a 1861. Jaridar Daily Telegraph da aka kafa a 1855 ta koma kwabo ɗaya. Jaridun Lahadi kuwa, irin su Lloyd's Weekly ta 1842 da News of the World ta 1843 da Reynolds's ta 1850, da labaran laifi suka samu shiga gidajen leburori. A 1896 Lloyd's ta kai kwafi miliyan ɗaya a mako.

Mafi yawan labaran daga ƙananan kotunan majistare suke fitowa, irin na Bow Street da Marlborough Street da Worship Street. A can ake samun marubutan da ba su da albashi, sai dai a biya su gwargwadon layukan da aka buga, abin da ya sa suke jan magana da ƙawata ta. Abin da suke gani kullum ba wani babban fashi ba ne. Yarinyar gida ce ta ɗauki cokalin azurfa ta kai jingina, ko yaro ya zare hankici daga aljihun wani, ko magidanci ya saci gawayi a lokacin hunturu. Wata doka ta 1855 ta ba majistare ikon yanke hukunci nan take a kan satar da ba ta wuce sule biyar ba, idan wanda ake tuhuma ya yarda. Cikin ɗan lokaci ake gama shari'ar, amma washegari sunan mutum da shekarunsa da sana'arsa, wani lokaci har unguwarsa, suna cikin jarida. Ga 'yar aikin da abincinta ya rataya a kan shaidar uwar ɗakinta, wannan tonon asiri ya fi wata guda a kurkuku ciwo.

Manyan shari'o'i su ne suka fi sayar da jarida. A daren 15 ga Mayu 1855 aka sace zinariya ta kusan fam 12,000 daga jirgin ƙasan kamfanin South Eastern da ya tashi daga Landan zuwa Folkestone, a kan hanyar kai ta Faris. Ɓarayin sun riga sun kwafi makullan akwatunan ƙarfe da kakin zuma, suka kwashe zinariyar jirgi na tafiya, suka zuba ƙwayoyin dalma don kada nauyi ya tona su. Fiye da shekara ba a gano kowa ba. Asiri ya tonu ne ta hanyar cin amana. An kama gwanin cikinsu, Edward Agar, a kan cekin jabu, ya bar kuɗi a hannun abokin satarsa William Pierce don ya kula da Fanny Kay, uwar ɗansa, Pierce ya handame. Da matar ta kai ƙara, Agar ya yarda ya ba da shaida. A Janairun 1857 kotun Old Bailey ta yanke wa ma'aikatan jirgin biyu, James Burgess da William Tester, korar shekara 14 zuwa ƙetare. Pierce ya tsira da shekara biyu kacal, saboda a lokacin satar shi ba ma'aikacin kamfanin ba ne.

Inda ƙarfin jarida ya fi bayyana shi ne firgicin 1862. A watan Yuli wasu suka tare Pilkington, ɗan majalisa mai wakiltar Blackburn, a titin Pall Mall da dare yana dawowa daga majalisa, suka far masa suka ƙwace agogonsa. Jaridu, har da The Times, suka ɗauki maganar 'yan fashin da ke shaƙe mutum ta baya, suka ɗora laifin a kan fursunonin da ake saki da takardar sharaɗi tun da kai masu laifi Ostireliya ya ja baya. Mutane suka riƙa tsoron fita da dare, mujallar Punch tana zana su sanye da abin wuya mai tsini. Masana tarihi da suka bi bayanan kotu daga baya, irin su Jennifer Davis, sun nuna cewa yawan kamen ya biyo bayan hayaniyar ne, domin 'yan sanda da alƙalai sun koma ɗaukar ƙananan ƙwace a matsayin fashi da duka. Duk da haka majalisa ta zartar da dokar 1863 wadda ta ƙara bulala har 50 a kan ɗauri ga wanda aka samu da wannan laifi. Tsoron da aka hura a shafin jarida, a bayan talaka ya sauka.

A 1864 aka fara Illustrated Police News, jaridar mako ta kwabo ɗaya mai zane-zanen kisa da fashi a shafin farko, waɗanda masu zane ke ƙagowa daga bayanin da suka ji. Ita da ire-irenta suka ɗaukaka sunan Charles Peace, mai fasa gidaje kuma mai kisan kai, wanda aka rataye a Leeds a 1879. Alƙaluman hukuma kuwa sun nuna cewa sata da fashi raguwa suka yi a rabin ƙarshe na ƙarnin idan an auna da yawan jama'a, ko da yake mai karanta waɗannan jaridu ba zai yi zaton haka ba.

Muryar da ta fi ƙaranci a rahotannin ita ce ta wanda ake tuhuma. Yawancin talakawa ba su da kuɗin ɗaukar lauya, kuma sai a 1898 doka ta ba kowane wanda ake tuhuma damar rantsuwa ya ba da shaida don kare kansa. An daina buga bayanan Old Bailey a 1913, bayan jaridu sun daɗe da ƙwace musu kasuwa, ita kuma Illustrated Police News ta ci gaba har 1938.