Sanda Baƙa, Ja da Rawaya: Giyar Land Rover a Ƙasar Zazzau

Wanda ya tashi a Birnin Zariya kafin a soke En'e a 1976 ya san ƙarar Land Rover tun daga nesa, kafin ta shigo Ƙofar Doka. Ba ƙarar inji kaɗai ba ce. Akwai wani kuka siriri da ke fitowa daga ƙarƙashin kujerar direba, kukan haƙoran giya. Da ita jami'an gona na Samaru suke shiga ƙauyuka, da ita malaman dabbobi suke bin rugage, da ita masu majigi suke ɗauko allo da janareto. Yau kaɗan suka rage a hannunmu, kuma duk wanda ya gaji ɗaya ya ce zai tashe ta, tambayar da za ta fara tsayar da shi ita ce: wace giya za a sa mata?

Motar ta fara bayyana a 1948 a baje-kolin motoci na birnin Amsterdam, daga masana'antar Rover da ke Solihull a Ingila. An yi jikinta da alminiyom saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙin duniya na biyu, giyarta kuwa aro aka yi daga ƙaramar motar kamfanin, aka ɗaura mata wani akwati na biyu a baya mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ƙasarmu ta dace da ita. Jirgin ƙasa ya iso Zariya tun 1911, amma daga tasha zuwa Soba ko Kubau ko Anchau ko Kauru hanyar burji ce, damina na sauka fadamun Galma su zama taɓo.

Shi ya sa direban wancan zamani yake da sanduna uku a gefensa. Baƙa ita ce giyar da kowa ya sani, huɗu gaba ɗaya baya. Mai kan rawaya idan aka danna ta ƙasa, tayoyi huɗu duka su kama aiki. Ja kuwa idan aka tsaya aka jawo ta baya, motar ta koma tafiyar kunkuru, ƙarfin jan ta ya ninka kamar sau biyu, ta fita daga lakar da za ta riƙe babbar mota kwana uku. Akwai doka guda da kowane karen mota yake sha da rankwashi: ba a barin rawaya a danne a kan kwalta. Tayoyin gaba da na baya ba sa juyawa daidai a kwana, kuma wannan akwati ba shi da abin da zai sasanta su, sai ƙarfe ya murɗe, sandar aksul ta karye.

Asalin gardamar tana cikin baƙar sandar. A samfurin 1958, da wanda ya biyo shi a 1961 da ake kira IIA, giya ta uku da ta huɗu ne kawai suke da zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Ta ɗaya da ta biyu babu. Idan direba zai sauko daga ta uku zuwa ta biyu a gindin tudu, sai ya taka kuloci ya mayar da sanda firi, ya saki, ya ɗan ba ta wuta, ya sake takawa, sannan ya sa. Kunne ke aikin, ba ido ba. In ya yi kuskure da ɗan kaɗan, duk unguwa za ta ji gurzar haƙora, a san ɗan koyo ne. A 1971 kamfanin ya fito da samfuri na uku, wanda dukkan giyoyinsa na gaba suke da zoben. Tuƙi ya yi sauƙi, kowa na iya shiga ya ja. Amma bakanikai da yawa, a nan da ma Ingila, sun tafi a kan cewa tsohuwar ta fi juriya, domin sabuwar idan zobbanta suka cinye sai ta riƙa fizge kanta daga giya ana cikin gangara.

Mu dai a ganinmu duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya, sai dai kowa yana maganar direba daban. Tsohuwar giya ta daɗe ne saboda a hannun mutum ɗaya take, direban ma'aikata da ya shekara ashirin da mota guda, ya san muryarta. Da aka fara gwanjon motocin gwamnati suka koma hannun masu jigilar buhunan masara da barkono ranar kasuwa, yau wannan yaro gobe wancan, sai ita ma ta fara zubar da haƙora.

Akwai kuma abin da ya faru ran 2 ga Afrilu 1972, ranar da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama. Sitiyari ya koma hagu a sababbin motoci. Akwatin giya bai canja wuri ba tunda a tsakiya yake, amma hannun da ya saba ya canja: direban da ya shekara yana sa giya da hagu ya koma yi da dama. Har yau idan ka ga tsohuwar Land Rover mai sitiyari a dama a wani gareji na Tudun Wada, akwai yiwuwar ta girmi wannan rana.

Daga nan zamani ya fara juya mata baya. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kwalta ta yawaita da kuɗin mai, akori-kurar Fijo da ta Toyota suka ƙwace jigilar ƙauye. An harhaɗa Land Rover a masana'antar Leyland ta Ibadan, amma da tsarin SAP ya zo a 1986 Naira ta faɗi, sabon kayan gyara daga Ingila ya gagari talaka. A nan ne sana'ar haɗa giya ɗaya daga gawar giya uku ta bunƙasa. Bakanike ya tafi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya dawo da akwatin da ba a san daga wace mota aka ciro shi ba, ya buɗe, ya zaɓi haƙoran da ba su mutu ba.

Aikin ɗaurawar kansa ba wasa ba ne. A irin ta farar hula, ƙarfen da giyar ke zaune a kai a like yake da ƙashin motar, don haka ba ta fita ta ƙasa. Sai an cire faifan ƙasa da akwatin kujeru, a kwance farfela ta gaba da ta baya, a saki birkin hannu wanda gangarsa ke bayan akwatin na biyu, sannan a rataya giyar da sarƙa a fito da ita ta ƙofa. Wanda zai sa ta 1971 a motar 1961, ko akasin haka, dole ya kula da kuloci, domin yadda ake tura shi ya bambanta, kuma faifan matsi na ɗaya ba ya tafiya da na ɗayan. Da yawa sun gama ɗaurawa, sun mayar da kujeru, sannan suka gano kuloci ba ya saki. Kwana biyu sun tafi a banza.

Matasa masu kallon bidiyon gyara a waya sukan kawo zaɓi na uku: giya mai biyar, irin LT77 da ta zo da samfurin 1983, ko R380 ta 1994. A titin Kaduna ta fi daɗi, inji ya huta, mai ya ragu. Sai dai ta zo da nata akwatin na biyu mai juya tayoyi huɗu kullum, tsawonta daban, sai an yanke farfela, an sake mazauni, an huda ƙasa. In an gama, rawaya ta tafi. Mota ce mai kyau, amma ba ita ce wadda ta kai malamin allura Anchau ba. Ga mai son gudu ba tare da yanka ba, akwai ƙarin giya na Fairey da ake ɗaurawa a bayan akwatin, in an dace an samu.

Idan mu aka tambaya, ga motar da za ta zauna hannun mutum ɗaya mai haƙurin koyo, tsohuwar IIA za mu zaɓa. Ga wadda 'ya'ya da jikoki za su riƙa karɓa, ta 1971 ta fi. Abin da ke tayar mana da hankali shi ne lokaci. Jikin alminiyom da ya hana ta tsatsa shi ne yanzu ke jawo mata 'yan gwangwan, masu zuba tukwane suna jira, giyar kuma a auna ta a sikeli da kilo. Dattawan da za su ɗora kunne a kan akwati su faɗi wane haƙori ne ya guntule suna ta raguwa, yaran da ke gabansu kuma Keke Napep da babur suke kwancewa, domin nan ne kuɗin cefane yake.