Tarihin Ƙaurar 'Yan Haiti Zuwa Jamhuriyar Dominika

Ƙaurar 'yan Haiti zuwa Jamhuriyar Dominika na cikin kwararar baƙi mafi girma a yankin tekun Karebiyan, kuma ta haura shekara ɗari tana gudana. Ƙasashen biyu suna zaune ne a tsibiri ɗaya, Hisfaniyola. Haiti ta riƙe kusan sulusin yamma, Jamhuriyar Dominika ta riƙe sauran, iyakar da ke tsakaninsu kuwa ba ta cika kilomita 400 ba. Kowacensu tana da mutane fiye da miliyan 11. A wajajen 1960 abin da ɗan kowace ƙasa yake samu a shekara bai yi nisa da na maƙwabcinsa ba. A yau na ɗan Dominika ya ninka na ɗan Haiti fiye da sau biyar. Wannan tazara ce take tura mutane gabas. Ƙidayar baƙi da hukumar ƙididdiga ta Dominika ta yi a 2017 ta samu mutum 497,825 haifaffun Haiti a ƙasar, wato kashi 87 cikin ɗari na dukkan baƙinta, ban da 'ya'yansu sama da dubu 250 da aka haifa a can.

Asalin ƙiyayyar

Sifaniya ce ta fara mallakar tsibirin bayan zuwan Kolumbus a 1492. Faransa ta kafu a yammacinsa, aka amince mata da shi a 1697, ta mai da shi gonar rake da kofi mafi riba a duniya da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. A cikin rajistar gonakin wancan zamani akwai bayin da aka rubuta su da sunan Hausawa, ko da yake ba su kai 'yan Kwango da na gaɓar Dahomi yawa ba. Bayin sun yi tawaye a 1791, suka kafa Haiti a 1804. A 1825 Faransa ta tilasta wa sabuwar ƙasar biyan diyyar faran miliyan 150 ga tsofaffin iyayengijin bayi, kuɗin da aka rage zuwa miliyan 90 a 1838. Wannan bashi ya tsotse baitulmalin Haiti tsawon zamani, kuma duk mai son fahimtar talaucinta daga nan ya kamata ya fara.

Gabashin tsibirin ma yana da nasa miki. Rundunar Dessalines, jagoran Haiti na farko, ta shiga a 1805, ta yi kisa a garuruwan Moca da Santiago. Daga 1822 zuwa 1843 shugaban Haiti Jean-Pierre Boyer ya mulki tsibirin baki ɗaya. Ya 'yanta bayin gabas, abin da ba a cika tunawa da shi ba, amma ya ƙwace filayen coci, ya ɗora haraji don biyan bashin Faransa. Ranar 27 ga Fabrairun 1844 mutanen gabas suka ɓalle. Saboda haka ranar 'yancin da yaran Dominika suke yi wa biki a makaranta ranar rabuwa da Haiti ce, kuma kowane ɗan siyasar da yake neman tayar da tsoron “mamaya” ya san inda zai sosa.

Rake

Ƙaurar da ake magana a kanta yau sukari ne ya haife ta. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kafa manyan gonakin rake a gabashin Dominika, a wajajen San Pedro de Macorís. Manoman ƙasar suna da nasu filayen, ba su yarda da ladan saran rake ba, sai kamfanoni suka fara ɗauko leburori daga tsibiran da Ingila ke mulka. Da Amurka ta mamaye Haiti a 1915, ta mamaye Dominika a 1916, kamfanonin sukari, yawancinsu na Amurkawa, suka juya zuwa Haiti, inda lebura ya fi araha. Ana zaunar da masu saran rake a unguwannin bariki da ke tsakiyar gona, waɗanda ake kira batey, galibi ba famfo, ba lantarki, ba makaranta. An ɗauka za su zo kaka su koma. Da yawa ba su koma ba. Suka yi aure, suka hayayyafa.

A bakin iyaka kuwa rayuwa daban take. Ba a shata iyakar da kyau ba sai da yarjejeniyar 1929 da gyaranta na 1936, kuma kafin nan mutanen yankin a cakuɗe suke, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, suna jin harsunan juna.

A watan Oktoban 1937 Rafael Trujillo, wanda ya riƙe Dominika da ƙarfin soja daga 1930 zuwa 1961, ya ba da umarnin kashe 'yan Haiti da ke yankin iyakar arewa maso yamma. Sojoji sun yi amfani da adda da wuƙa fiye da bindiga, don a ce talakawan karkara ne suka huce haushin satar shanu. An kashe maza da mata da yara, wasunsu a bakin kogin Dajabón suna ƙoƙarin tsallakewa, da yawansu kuma haifaffun Dominika ne da ba su taɓa zama a Haiti ba. Masana tarihi sun saɓa a kan adadin. Ƙiyasin da aka fi ambata yana tsakanin 12,000 da 20,000. Trujillo ya yarda zai biya gwamnatin shugaban Haiti Sténio Vincent diyyar dala 750,000, a ƙarshe aka biya 525,000, kuma abin da ya isa hannun iyalan mamatan bai taka kara ya karya ba. Abu ɗaya ya cancanci mai karatu ya tsaya a kansa: kisan bai shiga manyan gonakin rake ba. Manomi da ɗan kasuwa na bakin iyaka aka kawar, leburan kamfani aka bar shi a bakin aikinsa. A ganina nan ne siyasar ƙasar game da 'yan Haiti ta bayyana tsirara, kuma ba ta sauya sosai ba har yau. Ana son ƙarfinsu, ba a son zamansu.

Bayan kisan gwamnati ta shiga koyar da cewa Dominika ƙasar Sifaniyawa ce, ta farar fata da Katolika, Haiti kuwa baƙar Afirka ce mai tsafi. Joaquín Balaguer, wanda ya yi wa Trujillo aiki kuma daga baya ya daɗe yana shugabanci, ya ci gaba da yaɗa wannan ra'ayi a rubuce-rubucensa. Duk da haka a 1952 gwamnatocin biyu suka ƙulla yarjejeniyar kawo leburori. A zamanin Duvalier, uba da ɗa, gwamnatin Haiti tana karɓar kuɗi a kan dubban masu saran rake da take turawa duk shekara, har zuwa faɗuwar Jean-Claude Duvalier a 1986. Wato hukuma ce ta kawo iyayen mutanen da daga baya hukuma ta ce sun shigo ta ɓarauniyar hanya. Tsofaffin masu saran rake da aka yanki kuɗin fansho daga ladansu sun shafe shekaru suna zanga-zanga a Santo Domingo, babban birnin Dominika, don a biya su haƙƙinsu.

Daga shekarun 1980 sukari ya ja baya, 'yan Haiti suka bazu zuwa aikin gini, gonakin shinkafa da ayaba da kofi, aikatau a gidaje, da ginin otal-otal na masu yawon buɗe ido a Punta Cana. Da suka fito daga cikin rake suka shigo gari, sai ido ya fara ganinsu. Balaguer ya kori dubbai a 1991. José Francisco Peña Gómez, baƙar fata wanda iyayensa suka tsere lokacin kisan 1937, ya kusa cin zaɓen shugaban ƙasa a 1994 da 1996, kuma da asalinsa aka yi ta yaƙarsa.

Rikicin takardu

Tun 1929 tsarin mulkin Dominika ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, sai 'ya'yan jakadu da na matafiya masu wucewa. Sannu a hankali ma'aikatan rajista suka fara ɗaukar lebura da ya shekara talatin a batey a matsayin mai wucewa, suna hana 'ya'yansa takardar haihuwa. A 2005 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wasu 'yan mata biyu cewa wannan zalunci ne. Sonia Pierre, wadda aka haifa a batey kuma ta rasu a 2011, ita ce fitacciyar muryar wannan gwagwarmaya. Maimakon gyara, tsarin mulkin 2010 ya cire 'ya'yan baƙi marasa izinin zama daga 'yan ƙasa. Sannan ranar 23 ga Satumban 2013 kotun tsarin mulki ta yanke hukunci mai lamba 168-13, ta mai da wannan ƙa'ida baya har zuwa 1929. Ƙiyasin farko ya ce mutum kusan 200,000 abin ya shafa: mutanen da aka haifa a can, masu jin Sifaniyanci, wasu da fasfo a hannu, suka wayi gari ba su da ƙasa. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ba ya shiga jami'a, ba ya buɗe asusun banki, ba ya yi wa ɗansa rajista.

Matsin lamba daga waje ya sa gwamnatin shugaba Danilo Medina ta kafa doka mai lamba 169-14 a 2014. Ta mayar da takardun wasu dubbai da dama da aka taɓa yi wa rajista, amma waɗanda ba a taɓa rubuta su ba aka ce su yi rajista a matsayin baƙi a ƙasar haihuwarsu, kuma ƙasa da 9,000 ne suka samu yi. Wani shirin daban na daidaita zaman baƙi ya karɓi mutum kusan 288,000 zuwa Yunin 2015, mafi yawansu aka ba su izini na wucin gadi.

Asibiti da makaranta

Kukan 'yan Dominika game da nauyin da ke kan asibitocinsu yana da tushe, kuma rashin adalci ne a kira shi wariya kawai. Alƙaluman hukumar lafiya ta ƙasar sun nuna cewa a farkon shekarun 2020 kusan sulusin haihuwar da aka yi a asibitocin gwamnati ta matan Haiti ce, a lardunan iyaka kuma ta fi haka. Da yawa suna zuwa ba su taɓa yin awo ba, da hawan jini ko ƙarancin jini, abin da ke ƙara tsadar jinya da yawan mace-mace. Matar talaka 'yar Dominika da ta kwana a layi tana jiran gado ita take jin wannan a jikinta, ba mai gonar da ya ci ribar leburan ba. Kuma ba a manta cewa da girgizar ƙasa ta rushe Port-au-Prince, babban birnin Haiti, ranar 12 ga Janairun 2010, Dominika ce ta fara kai agaji, asibitocinta na iyaka kamar na Jimaní suka cika da masu rauni, daga baya ta gina wa Haiti jami'a a Limonade.

Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Masu hali a Dominika asibitin kuɗi suke zuwa da inshora, don haka kason 'yan Haiti a asibitin gwamnati ya fi kasonsu a ƙasa. A makarantun gwamnati ɗalibai 'yan Haiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. Harajin da ƙasar ke tarawa, kusan kashi 14 cikin ɗari na arziƙinta, yana cikin mafi ƙanƙanta a Latin Amurka, kuma abin da take kashewa a lafiya ya gaza mizanin da hukumar lafiya ta nahiyar ta ba da shawara. Dokar ƙwadago ta ce kashi 80 na ma'aikatan kowane kamfani su zama 'yan ƙasa, amma 'yan kwangilar gini da manyan manoma da kansu suna faɗa cewa in babu 'yan Haiti aiki zai tsaya. Lebura marar takarda ba a biya masa inshorar lafiya, don haka ranar da ya faɗo daga bene ko matarsa ta fara naƙuda, baitulmali ne ke ɗauka.

Bayan 2021

Kisan shugaba Jovenel Moïse ranar 7 ga Yulin 2021 ya ƙarasa rusa hukuma a Haiti. Gungun 'yan bindiga suka mamaye mafi yawan Port-au-Prince. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fiye da mutum 5,600 da aka kashe a 2024, waɗanda suka bar gidajensu kuma sun haura miliyan ɗaya. Babban asibitin birnin ya rufe, 'yan sandan Kenya da suka iso a Yunin 2024 ba su iya dawo da doka ba. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma tsoron Santo Domingo na ganin wutar ta tsallako abin fahimta ne.

Shugaban Dominika Luis Abinader ya fara gina katanga a iyaka a Fabrairun 2022. A Satumban 2023 ya rufe iyakar, ya dakatar da ba 'yan Haiti biza, saboda rigima a kan magudanar ruwa da manoman garin Ouanaminthe na Haiti suke haƙawa daga kogin da ya raba ƙasashen. Rufewar ta cuci 'yan kasuwar garin Dajabón, inda ake cin kasuwar haɗin gwiwa Litinin da Juma'a, domin Haiti na cikin manyan masu sayen kayan Dominika. A Oktoban 2024 gwamnati ta sa burin korar mutum 10,000 duk mako, kuma a shekarar an kori fiye da 270,000. A Afrilun 2025 aka girke jami'an shige da fice a asibitocin gwamnati 33: ana neman takardun majinyaci, wanda ba shi da su a yi masa magani sannan a fitar da shi daga ƙasar. Ƙungiyar likitocin ƙasar da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun soki matakin, domin mace mai ciki da ta ji tsoron asibiti a gida za ta haihu. Da yawa daga waɗanda aka kora suna dawowa ta hannun masu fasa-ƙwaurin mutane da jami'an da ke karɓar na goro.

Abinader yana da gaskiya da yake nanata cewa ƙasarsa ba za ta iya ɗaukar Haiti ita kaɗai ba, kuma Faransa da Amurka, masu dogon hannu a tarihin talaucin Haiti, ba su sauke nasu nauyin ba. Amma korar jama'a ba ta rage buƙatar leburori ba ko sau ɗaya tun 1937. Muddin gonaki da wuraren gini suna ɗaukar 'yan Haiti, hukuma kuma tana hana su biza da takardar aiki, asibitocin gwamnati za su ci gaba da biyan kuɗin da ya kamata masu ɗaukar aiki su biya. Waɗanda aka haifa a ƙasar kafin 2010 kuwa, haƙƙinsu ne a mayar musu da takardunsu na 'yan ƙasa.