Kainuwa Dashen Allah, Gyaran Ruwa Aikin Mutane

Maƙalarmu ta wannan mako tarihi ce, kuma tarihin ciyawa. Da yawanmu mun taɓa yi wa tauraron labari kirari da "kainuwa dashen Allah", muna nufin wanda ya tashi ba da gatan kowa ba. Masuncin Yawuri kuwa ya san wata kainuwar da ke tsayar da jirgi cak, ta cukurkuɗe koma, ta sa gida ya kwana ba a ɗora tukunya ba. Za mu bi sawun ciyawar ruwa a ƙasar Kabi, mu ga waɗanda suka gyara ruwa a da, da masu gyara shi yanzu, da abin da ke sa wani gyaran ya ɗore wani kuma ya koma gidan jiya.

Mu fara da hanyar ruwan. Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, su karɓi Gulbin Zamfara a wajejen Bunza, sannan su faɗa Kwara. Daga nan ruwan ya nufi Yawuri da tafkin Kainji. Garuruwan masarautar Gwandu irin su Kalgo da Dangoma suna cin arzikin wannan fadama ta fuskar shinkafa da kiwo da kifi. Abin da ya toshe ruwa a sama ko a ƙasa, da sannu zai taɓa rumbunsu.

Kafin zuwan madatsun ruwa, gulbi yana da tsarin da yake share kansa. Da damina ambaliya ta zo da ƙarfi, ta kwashe yashi da ruɓaɓɓiyar ciyawa daga mashigai, ta shimfiɗa sabuwar laka a gonaki. Da rani ruwa ya janye, ƙasa ta bushe ta tsattsage, shanu su shiga su cinye burgu, abin da ya rage rana ta ƙone shi. Ciyawar da aka sani a lokacin, bado da burgu da ƙaramar kainuwarmu ta gida, kowace da amfaninta, kuma babu wadda ke samun ruwa na wata goma sha biyu da za ta gagara.

Bayan wannan akwai hukumar mutane. Kabawa, tun zamanin daular da Kanta ya kafa a ƙarni na 16, suna da Sarkin Ruwa da sauran masu faɗa a ji a harkar su. Su ke cewa an rufe wuri kaza, su ke cewa an buɗe. A al'adun Argungu har yau ana jin kalmomin gyaran ruwa da fashin ruwa. Bikin kamun kifi da duniya ta sani, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya dogara ne kan doka guda: ana hana taɓa ruwan Matan Fada har sai ranar da aka ba da izini. Abin lura a nan shi ne mai kula da ruwan a bakin ruwan yake kwana, kuma idan ya mutu wani zai gaje shi. Aikinsa ba shi da ranar ƙarewa.

Sai zamanin madatsai ya zo. An kammala Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. An gama Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, sannan Goronyo a kan Rima a 1984. Madatsai sun kawo lantarki da noman rani, wannan ba a musunsa. Amma sun rage ƙarfin ambaliyar damina, sun kuma sa ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan da rani. Ruwa marar zurfi, mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya ƙafewa, shi ne gidan da ciyawa ke so.

Inda aka fi ganin sakamakon wannan a Arewa shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. Bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, kacala ta cika mashigan ruwa. Ta tare laka, lakar ta toshe hanya, ruwa ya bar inda ake buƙatarsa ya malale gonakin wasu. Tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya a cikinta suna fita suna cinye hatsi. Haka ta faru a kogin Senegal bayan madatsar Diama ta 1986. Kacala tsohuwar 'yar gida ce a waɗannan wurare. Sauyin da aka yi wa ruwa ne ya mayar da ita annoba.

Ta Kwara kuwa baƙuwa ce. Asalinta Kudancin Amurka, yankin kogin Amazon, kuma kyawun furenta mai ruwan shuɗi ne ya sa mutane suka riƙa ɗaukarta ƙasa-ƙasa don ado. An fara ganinta a Nijeriya a 1984 a mashigin Badagiri, ta shigo daga Jamhuriyar Benin. Zuwa 1989 ta bayyana a tafkin Kainji, ruwan Kwara ya kawo ta daga wajen Jamhuriyar Nijar. A wuri mai ɗumi da taki tana iya ninka kanta cikin kamar mako biyu, irinta kuma yakan yi shekaru masu yawa a cikin laka bai mutu ba. Idan ta rufe fuskar ruwa, haske ba ya shiga, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, sauro da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya su sami wurin zama.

A shekarun 1990 cibiyar binciken kifi ta New Bussa, wato NIFFR, da hukumar GTZ ta ƙasar Jamus sun yi aikin haɗin gwiwa a kan tafkin. Hanya uku suka bi. Sun saki wasu ƙananan ƙwari da ake kira Neochetina, waɗanda ba su da abinci sai wannan ciyawa. Sun tara mutanen garuruwan bakin ruwa suna janyo ta tudu da hannu, kamar yadda ake gayya. A ƙarshen shekarun kuma aka gitta wani shinge mai yawo a kan Kwara tsakanin Zamare ta ƙasar Yawuri da Rofia, don ya tare ciyawar kafin ta shiga tafkin. Kowace daga cikin hanyoyin nan tana jingine da 'yar uwarta. Shinge tarewa kawai yake yi, sai an sami masu kwashe abin da ya tara. Ƙwari kuma aikinsu a hankali ne, shekaru suke ɗauka. A tafkin Victoria na Gabashin Afirka, inda ciyawar ta kai ƙololuwa wajen 1998, irin ƙwarin nan suna cikin abin da ya karya lagonta, amma ba a rabu da ita ba har yau.

Yanzu muna zamanin kwangila. A watan Satumba na 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, aka raba aikin ga kamfanoni. Gwamnatoci kan ɗauki kamfanonin tsabtace muhalli masu injin yankan ciyawa da katafila mai tafiya a kan ruwa. Inji yana yin aikin ƙato ɗari a yini guda, kuma akwai toshewar da hannu ba zai iya buɗewa ba. Matsalar tana ga yadda ake ƙulla yarjejeniya. Idan an biya kamfani kan yawan abin da ya kwashe, ya gama ya naɗe kayansa, ciyawar da ke ninkuwa a mako biyu ba ta san an rufe fayil ba. Yashi ma haka, kowace damina sai ya dawo.

Tarihin nan ya nuna mana abin da ya kamata mu nema a kowace kwangilar gyaran ruwa. A auna aikin da tsawon lokacin da mashigi ya zauna a buɗe, shekara biyu ko uku bayan an yi bikin buɗewa. A sa Sarkin Ruwa da masunta da makiyaya cikin aikin tun daga farko, a bar musu kayan aiki da kuɗin kula. A bi ilimin kowace ciyawa: kacala a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta don saiwarta ta shaƙe, kuma sai an maimaita, baƙuwar kainuwa kuwa sai an fitar da ita tudu nesa da gaɓa, domin guntunta ma tsirowa yake yi. A bar burgu da bado inda ba su tare hanya ba, saboda abincin dabbobi ne da maƙwancin 'ya'yan kifi. A nema wa abin da aka kwashe kasuwa, kamar yadda ake yin gawayi da kacala a Muritaniya, ake kuma yin taki da kayan saƙa da kainuwa a wasu wurare. Sannan a dubi tushen abin. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 noman fadama ya ƙaru, kuma takin zamanin da ya zurare daga gona zuwa gulbi abinci ne ga ciyawa. Yadda ake sakin ruwa daga Goronyo da Bakolori shi ma wani ɓangare ne na gyaran.

A nan namu aikin ya shigo. Rahotannin ayyukan nan da Turanci aka rubuta su, suna jibge a ofisoshi. Abin da dattawan masunta suka sani, sunayen mashigai da suka toshe, wuraren da ake samun giwan ruwa a da, shekarar da baƙuwar ciyawa ta fara bayyana a gaɓar garinsu, yana cikin kawunansu, kuma kullum ana rasa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke Kalgo ko Dangoma ko Bunza ko Yawuri ya ɗauki littafi da biro ya je gaɓa. Ya tambayi suna, ya tambayi shekara, ya tambayi wanda ya yi aikin da wanda ya biya, ya koma bayan damina ya ga ko hanyar tana nan a buɗe. Ya rubuta abin da ya gani da abin da aka faɗa masa, ya bambanta su.

Muna jiran abin da za ku samo daga garuruwanku, musamman sunayen ciyayin ruwa a karin harshen yankinku. Allah ya ƙara basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka.