BABI NA UKU: Ɗaliban Babban Digiri da Manufofin Jin Daɗin Jama'a a Aikin Noman Rani na Kogin Kano

3.1 Gabatarwa

Wannan babi zai yi tsokaci a kan yadda ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku a fannonin nazarin zamantakewa suka shiga cikin tarihin aikin noman rani na ƙasar Kura da Bunkure. A wasu ƙasashe, kamar Ingila, akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta tura irin waɗannan ɗalibai su zauna a wata ma'aikata ko hukuma na ɗan lokaci, domin su ga yadda ake tsara manufa da yadda ake aiwatar da ita a kan talakawa. Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, alal misali, ta buɗe sashen da ke haɗa karatun aji da aikin fili tun a shekarar 1912. Abin da za a duba a nan shi ne ta wace ƙofa irin wannan ɗalibi ya shigo Kura, da kuma inda abin da ya gano ya ƙare.

3.2 Kafuwar Aikin da Waɗanda Suka Tsara Shi

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, wato daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa. Wani kamfanin ƙwararru na ƙasar Holan mai suna NEDECO shi ne ya yi binciken share fage ya kuma zana fasalin aikin. An fara gwaji a Kadawa, sa'annan aka ƙudura shayar da kadada 22,000 a kashi na farko, ta hanyar magudanan da ke gangaro da ruwa ba tare da inji ba. A shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya ragamar aikin ta koma hannunta.

Idan aka lura, waɗanda suka zauna a kan teburin tsara wannan aiki injiniyoyi ne da masana ƙasa da masana amfanin gona. Tambayoyinsu su ne: ruwa nawa, kadada nawa, buhun alkama nawa. Haka kuma hanyar da gwamnati ta buɗe wa ɗalibai don koyon aiki ta bi wannan sawu. Shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya ƙirƙiro a 1973, an gina shi ne don ɗaliban injiniya da fasaha da aikin gona da makamantansu, kuma masu karatun digiri na farko ko difloma. Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda shi ma aka kafa a 1973, yana tura matasa ma'aikatu, amma ba a tsara shi don nazarin manufa ba. Saboda haka ɗalibin aikin gona yana da gurbi a tashar bincike ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, shi kuwa mai son sanin abin da ruwan ya yi wa gandu da aure da gādo sai dai ya shigo da ƙafarsa, a matsayin mai tattara bayanan kundinsa.

3.3 Masu Binciken da Suka Zauna Cikin Jama'a

Daga cikin na farko akwai J. M. Baba, wanda ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1975. Baba ya nazarci tsarin noman Gundumar Kura kamar yadda ya same shi, ya kuma yi hasashen tasirin da aikin zai yi. Muhimmancin wannan kundi shi ne lokacin da aka yi shi, domin ya kama hoton ƙasar tun ruwa bai gama sauya ta ba: ƙasa ce mai cunkoson jama'a, wadda kowane taƙi nata yake da mai shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin ba a daji za a yi shi ba, a gonakin mutane za a yi shi.

Bayan shi sai Tina Wallace, mai bincike a Cibiyar Nazarin Zamantakewa da Tattalin Arziki ta wannan jami'a, wadda rahotonta ya fito a 1979. Wallace ta bi diddigin abin da ya faru bayan an karɓi gonaki an baje su an sake raba su. Ta nuna cewa noman rani yana cin kuɗi tun kafin a ga ƙwaya: kuɗin tarakta, da taki, da kuɗin ruwa, da ladan 'yan ƙodago. Manomin da ba shi da jari sai ya ba da gonarsa haya ko jingina ko ya sayar, masu hali da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata daga birnin Kano su karɓa. Ta kuma lura da raunin da gandu ya yi, da halin da mutanen da ruwan Tiga ya tasa suka shiga.

Akwai kuma batun dawa, wanda ya kamata a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne tsarin ofis da rayuwar gida suka yi karo ƙiri-ƙiri. Alkama tana son a shuka ta a watan Nuwamba domin ta samu sanyin hunturu. Dawar gargajiya kuwa a wannan lokaci tana tsaye a gona, ba ta isa girbi ba. Hukuma ta so a bar dawa a koma masara, wadda ke saurin nuna. Amma dawa ita ce tuwon gida, karanta shi ne danga da makamashi da abincin dabba. Don haka manoma da yawa suka riƙe dawarsu, alkama ta makara, amfaninta ya ragu. A lissafin masu tsari wannan taurin kai ne, amma duk wanda ya kwana a ƙauye ya san magidanci ba ya wasa da rumbu.

Ta ɓangaren mata kuwa, aikin da ya fi fice shi ne na Cecile Jackson, wadda ta rubuta kundin digirinta na uku a Jami'ar Landan a 1981 a kan matan karkara na gundumomin Kura da Rano. Ta kwatanta matan Musulmi da na Maguzawa, ta nuna cewa aikin bai taɓa su iri ɗaya ba. Matan kulle sun samu kasuwar dafaffen abinci saboda kuɗi da 'yan ƙodago sun yawaita. Sare itatuwa irin su ɗorawa, wanda aka yi don baje filaye, ya rage wa mata hanyar samun daddawa da itacen girki, abin da ba ya cikin lissafin kowa. Ita ce kuma ta ba da labari, a wata maƙala ta 1978, na yajin aikin da matan Hausawa masu tsinkar wake suka yi a gonar kamfanin BUD saboda ƙarancin lada.

3.4 Tsakanin Kundi da Ofis

Duk da ingancin waɗannan ayyuka, tafiyarsu ɗaya ce: daga ƙauye zuwa ɗakin karatu, daga nan zuwa mujallu da littattafan da ake bugawa da Turanci a Turai da Amurka. Masu binciken baƙi ne a ofisoshin hukuma, ba su da kujera a inda ake yanke shawarar rabon fili ko kuɗin ruwa. Shekara ɗaya bayan rahoton Wallace, wato a watan Afrilun 1980, rikicin diyyar gonaki a Bakolori ya kai ga zubar da jinin manoma, alhali irin matsalar da ta haddasa shi an riga an rubuta ta a Kano. A 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman suka wallafa littafinsu The Wheat Trap, inda suka yi amfani da bayanan waɗannan ayyukan ruwa suka nuna tsadar noman alkama a Nijeriya. Bayan shekara biyu, a 1987, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, ta ƙara matsa wa jihohin Arewa su noma ta. Haramcin bai wuce 'yan shekaru ba aka janye shi, manoman Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa suka karkata ga shinkafa da tumatir da masara da albasa.

Sai a farkon shekarun 1990 aka fara ganin masu nazarin zamantakewa suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan hukumar, lokacin da Cibiyar Kula da Noman Rani ta Duniya, wato IIMI, ta shigo don gwada ba manoma hannu a gyaran magudanai da rabon ruwa. Abin da ya jawo haka shi ne ƙarancin kuɗin gwamnati bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da cushewar magudanai da ciyawa da laka. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka gwada a wancan lokaci su ne aka sake ɗauka aka faɗaɗa a shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, kusan shekara arba'in bayan kundin Baba.